Ku Tambayi Duba-Gari: Sai Da Izini Ake Tarar Ruwan Sama?

Tun da aka fara jin ƙamshin ƙasa a Zariya, wasiƙun da ke zuwa wannan fili suka koma kan magana ɗaya: ruwan sama da tankinsa da indararonsa da rigimar da yake jawowa. Kamar yadda muka saba, na cire sunaye, na bar unguwanni.

Tambaya: Baba, ina gaisuwa. Ni magidanci ne, mu tara ne a gida. Bana na sayi tankin roba mai cin lita 2,000, na ɗora shi a kan bulo a ƙarƙashin indararo. Ba a yi mako ba wasu samari biyu suka yi sallama da ni, suka ce aiko su aka yi, wai tarar ruwan sama sai da izinin hukuma, in ba da naira dubu goma ko su ɗauke tankin. Na ce su dawo. Ɗana kuma ya nuna mini a waya cewa ko a Amurka an hana. Ina gaskiyar maganar? — Magidanci, Tudun Jukun

Amsa: Ɗana, kada ka ba su ko sisi. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina aikin duba-gari, na shiga gidaje tun daga Kwarbai har Muciya, na leƙa randuna da durom-durom ba adadi. Ban taɓa riƙe wata takarda mai suna izinin tarar ruwan sama ba, domin babu ita.

Dokar da ke magana a kan ruwa a ƙasar nan ita ce Dokar Albarkatun Ruwa ta 1993, wadda sojoji suka kafa a matsayin doka mai lamba 101. Sashenta na farko ya danƙa wa gwamnatin tarayya iko a kan ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya, na sarari da na ƙarƙashin ƙasa. Sashe na biyu kuma ya dawo ya ce duk da haka kowa na iya ɗibar ruwa kyauta don amfanin gida ko shayar da dabbobi a rafin da jama'a ke da hanyar zuwa, kuma mai haƙƙin zama a fili na iya amfani da ruwan ƙarƙashin filinsa kyauta don gida da dabbobi da lambunsa. To idan doka ta bar maka ruwan Galma da na Kubanni ka sha ka yi wanki ba biya, ina batun wanda ya sauka a kan kwanon da ka saya da kuɗinka? Abin da ya ƙara rikita mutane shi ne ƙudurin sabuwar dokar ruwa da aka yi shekaru ana ja-in-ja a kansa a Majalisar Tarayya, aka yi ta yaɗa cewa za a fara biyan kuɗin rijiya. Majalisar Dattawa ta yi watsi da shi a 2023, bai zama doka ba.

Maganar ɗanka kuma tana da tushe, amma rabinta ya ɗauko. A jihar Kolorado ta Amurka an daɗe ana hana kafa durom a ƙarƙashin indararo. Dalili kuwa, yammacin ƙasar tasu busasshe ne, kuma tsarinsu shi ne wanda ya riga fara amfani da ruwan kogi shi ke da haƙƙi a kansa, har ana ɗaukar ruwan da ya sauka a rufin gida a matsayin na kogin da zai gangara ciki. A 2016 suka sassauta, suka yarda kowane gida ya ajiye durom biyu da ba su wuce galan 110 ba, wato wajen lita 416. Yawancin jihohinsu ba su da wannan hani. Ka ce masa kuma ya duba Indiya: a jihar Tamil Nadu tun 2003 aka wajabta wa kowane gini ya tanadi hanyar tarar ruwan sama, can wanda bai tara ba shi ne mai laifi. Kowace ƙasa da irin ƙishirwarta take yin doka.

Idan samarin nan suka dawo, ka karɓe su a zaure, ka kira maƙwabci ɗaya ya zauna. Ka nemi katin aikinsu, da sunan ofishin da ya aiko su, da takardar neman biya mai ɗauke da sashen dokar da suke magana a kai. Ka kuma sani tun 2016 dokar harajin Jihar Kaduna ta hana karɓar kuɗin gwamnati hannu da hannu. A banki ko ta hanyar da hukuma ta tsara ake biya, a ba ka rasit. Wanda ya ce ka miƙo a ƙofar gida ya riga ya faɗa maka ko shi wane ne. Ka sanar da mai unguwa tun yau, domin ba gidanka kaɗai za su je ba, kuma akwai gidajen da mata ne kawai a ciki da rana.

Inda ma'aikacin lafiya na gaskiya yake da bakin magana shi ne idan ka bar tankin a buɗe ya zama gidan sauro, ko rararsa ta kwanta a lungu. Nan zai ba ka takardar gargaɗi da wa'adin gyara, in ka ƙi a kai ka kotu. Haka muka yi aiki, ba a ƙofar gida ake yanke tara ba.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka ma bulon nan ne. Lita 1,000 ta ruwa tan ɗaya ce. Tankinka in ya cika tan biyu ne, nauyin buhun siminti 40. Bulon da aka jera a kan ƙasa ba siminti, da zarar marka ta jiƙa ƙasan sai gefe ɗaya ya nutse, kuma yara a inuwar tanki suke son wasa. Ka juye ruwan, ka sa birkila ya zuba maka dandamalin kankare shafaffe wanda ya fi gindin tankin faɗi, sannan ka mayar.

Tambaya: Malam, ina gini a Hanwa, an kai linta. Rijiyoyin unguwar suna ƙafewa da bazara, kuɗin burtsatse kuma ya fi ƙarfina. Ina so in haƙa babban tanki a ƙasa in tara ruwan damina. Akwai izinin da zan nema? Kuma wane girma zai ishe mu, mu goma? — Ma'aikaci, Hanwa

Amsa: Malam, kai kam akwai inda doka ta shafe ka. Ba don ruwan ba, don ramin da ginin. Dokar tsara birane ta 1992 ta ɗauki duk wani aikin gini ko na injiniya da aka yi a kan ƙasa ko a ƙarƙashinta a matsayin aikin da ke buƙatar amincewar hukumar tsara gari, mu kuma a nan hukumar ita ce KASUPDA. Tankin roba da aka ajiye a tsakar gida kaya ne kamar randa. Ramin kankare mai zurfin mita biyu kusa da harsashin ɗaki gini ne, haka ma doguwar hasumiyar ƙarfe da ake ɗora tanki a kai. Tun da ba ka gama ba, ka koma wurin wanda ya zana maka gidan ya saka tankin a cikin zane, ka kai ofishinsu na Zariya a haɗa da takardunka. Yin haka yanzu ya fi sauƙi a kan ranar da za ka sayar da gidan ko maƙwabci ya kai ƙara. Sannan duk ramin ya kasance a cikin filinka, kada ya ci hanya ko magudanar unguwa.

Ƙafewar rijiyoyinku ba abin mamaki ba ne. Zariya a kan dutse take zaune, ruwan rijiya a cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama yake taruwa, shi ya sa Maris da Afrilu guga ke dawowa da laka. Amma ta sama Allah bai rage mu da komai ba. Ruwan da ke sauka a nan a shekara yana kaiwa wajen milimita 1,000, wani lokaci da ɗoriya, daga Mayu zuwa Oktoba, mafi yawansa a Agusta. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce cif. Idan rufinka mita 10 ne a mita 12, murabba'in mita 120 ke nan, lita 120,000 a shekara. Cire kashi ɗaya cikin biyar na wanda zai fantsama da wanda za ka zubar na wankin kwano, saura lita 96,000. Jarka mai lita 25 guda 3,840 ke nan. In kurar ɗan ga-ruwa na ɗaukar jarka 12, kura 320 ce take zuba daga kwanonka ta bi kwata kowace shekara. Duk lokacin da na yi wa mutum wannan lissafi sai ya yi shiru.

Ba duka za ka iya ajiyewa ba, kuma ba sai ka yi ba. Da rani ake auna tanki. Daga Nuwamba zuwa Afrilu wajen kwana 180 ne. Mutum goma, kowa lita biyar ta sha da girki, lita 50 a rana, lita 9,000 ke nan. Rami mai tsawon mita biyu da rabi, faɗi biyu, zurfi biyu yana cin lita 10,000. Wanka da wanki kuma rijiya ta ɗauka iya inda ta kai. A arewa maso gabashin Brazil, inda fari ya fi namu tsanani, da tankin siminti mai lita 16,000 a gefen gida iyalai masu ɗimbin yawa suke ƙetare rani.

Wajen aiki kada ka yi tsimin rodi da siminti, kuma ka nemi birkilan da ya taɓa yin irinsa, ka je ka ga wanda ya yi ko yana riƙe ruwa. Ka nisanta shi da masai da sokawe iyakar abin da filinka ya ba ka. A rijiya mita 30 muke faɗa wa mutane, domin tsaga ɗaya a bango ta isa ƙazanta ta shigo a Agusta lokacin da ƙasa ta ƙoshi. Bakin ya ɗago sama da tsakar gida yadda ruwan shara ba zai gangara ciki ba. A yi masa bututun rara mai raga a baki. Kuma in Allah ya kawo muku famfo, kada fulamba ya haɗa bututun tankinka da na hukumar ruwa kai tsaye: ranar da aka ɗauke ruwa, bututun gwamnati yana iya zuƙo naka ya kai gidajen mutane, kuma taɓa bututun hukuma ba da saninta ba laifi ne.

Sai murfi. A nan zan daɗe, ka yi haƙuri. Shekarun baya an kira ni wani gida a Sabon Gari. Sun yi tanki mai kyau, siminti sumul, amma kuɗi ya ƙare kafin a yi murfi, aka ɗora tsohon fallen kwano aka danne da dutse, da niyyar in an yi albashi a gyara. Yarinya 'yar shekara uku ta taka gefen kwanon. Uwar tana madafa, taku goma tsakaninsu, ba ta ji komai ba, domin yaro in ya faɗa ruwa ba ya ihu. Na ga uban a zaure ranar, kuma har yau in na ga rami da kwano a kai sai gabana ya faɗi. Ka sa mai walda ya yi murfin ƙarfe mai pata da kwaɗo tun kafin a zuba ruwan farko, makullin yana hannun babba. A riƙa ɗiba da ƙaramin famfon hannu ko inji, ba da guga ba. In kuɗin murfi bai samu ba, a bar ramin a cike da yashi har ya samu. Ranar wanke shi kuma kada mutum ya shiga shi kaɗai, kada kuma a kunna janareto ko injin fetur a ciki ko a bakinsa, hayaƙin yana kashewa ba a ankara ba.

Tambaya: Ɗan'uwa, jikana ne ya rubuta mini. Ni tsohuwa ce, mijina ya rasu, gidanmu na ƙasa ne tun na kakanni. Maƙwabcina ya rushe nasa ya yi na bulo, ya kafa tanki a jikin katangata. In ya cika rarar a gindin katangar take zuba, yanzu ƙasan ta zaizaye har hannu na shiga. Na aika masa sau biyu, ya ce ruwan Allah ne, kuma a cikin gidansa yake. Ɗakin da nake kwana da jikoki a jikin katangar yake. — Dattijuwa, Ƙofar Doka

Amsa: Yaya, Allah ya jiƙan malam, ya raya jikokin. Kafin komai: in kin ga tsaga a bangon, ko ya fara kumburi, ko yana jiƙe ta ciki, ki kwashe yaran ku koma wani ɗaki daren yau. Katangar ƙasa ta gindi take mutuwa, kuma yawanci cikin dare ake ruwan da ke kayar da ita.

Maganar maƙwabcinki ba ta da madafa. Ruwan Allah ne lokacin da yake saukowa. Da ya tara shi a kwanonsa, ya bi da shi ta bututu, ya juya bakin bututun inda ya ga dama, ya zama aikin hannunsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce babu cuta babu cutarwa, kuma a kan wannan hadisi malaman Malikiyya suka gina hukunce-hukuncen maƙwabtaka, har da na indararo. Dokar boko ma haka ta ce: ba ka da ikon sako abin da ka tara a gidanka ya lalata na wani.

Ni ma a cikin Birni na tashi, a gidan soro. Maginan da suka yi gidajen nan ba su da takardar zane, amma ba za ka ga indararon wani ya kalli bangon wani ba. Ko dai ya zuba a tsakar gidan mai shi, ko a lungu, kuma dogo ake yin sa don ruwan ya faɗi nesa da gindin bango. Kafin damina kowa ya yi yaɓe, a share rariya tare. Wanda ya karkata indararo ba sai an je gaban alƙali ba, dattawan unguwa sun ishe shi. Bulo da kwano sun zo, wannan ladabi kuma muna barin sa yana tafiya, abin yana ci mini rai.

Ga yadda za ki bi. Jikanki ya ɗauki hoto da bidiyo a waya lokacin da ruwan ke zuba, da ramin da ya yi. Ki nemi limamin masallacinku da wani dattijo su same shi, domin wani mutumin yana jin kunyar liman fiye da sammaci. In bai gyara cikin kwana biyu ko uku ba, sai mai unguwa, shi kuma ya san hanyar dagaci da hakimi. A lokaci guda a kai takarda sashen lafiya na ƙaramar hukumar Zariya a nemi duba-gari ya zo ya gani ya rubuta; rahotonsa hujja ce. In duk wannan bai yi ba, kotun shari'a tana nan, kuma kina da haƙƙin neman a kawar da cutar a kuma biya gyaran katangar. Kada nauyin maƙwabtaka ya sa ki yi shiru har Agusta.

Shi kuma, in wannan mujalla ta kai hannunsa: Alhaji, gwiwar bututu ɗaya da tsawon bututu biyu ne za su kai rarar nan kwata. Kuɗinsu bai kai na buhun siminti biyu ba. Ka matsar da tankin daga jikin bangonta, ka aika birkilanka ya cike mata gindin katangar.

Tambaya: Baba, haya nake. Ina so in sa indararon roba da tanki, mai gida ya ce ba ruwansa. In na tashi zan iya tafiya da kayana? — Ɗan haya, Samaru

Amsa: Ɗana, "ba ruwana" ba izini ba ne. Ƙa'idar ita ce abin da aka gina ko aka kafe a jikin gida yana bin gidan, abin da aka ajiye kuma na mai shi ne. Tankin roba naka ne, ka riƙe rasit. Dandamalin siminti da abin da aka buga a jikin katako kuwa za a iya yin gardama a kansu. Ku rubuta 'yar takarda, layi huɗu ya isa: ya yarda ka sa, kaza da kaza naka ne za ka cire, ko kuma za a cire kuɗinsu daga haya. Shi da kai da shaida ɗaya ku sa hannu. In gidan na mutane da yawa ne, ku yi magana tun yanzu a kan wa zai ɗiba da nawa, domin a watan Maris ake faɗa a kan tanki, ba a Agusta ba.

Tambaya: Baba, kakata takan ce ba a shan ruwan farko. Mijina ya ce camfi ne, ruwan sama ya fi kowane ruwa tsabta, har jaririnmu yake so in ba. Wa ya fi gaskiya? Kuma na ga wasu 'yan ƙwari suna wutsil-wutsil a durom ɗinmu. — Uwargida, Gyallesu

Amsa: 'Yata, kakarki ta fi shi gaskiya, shi ma bai yi ƙarya duka ba. Ruwan yana da tsabta a sama. Amma ki tuna abin da kwanonku ya kwasa tun Nuwamba: ƙurar hunturu, kashin ƙadangare da na tantabara da jemage, ganyen darbejiya, wani lokaci mushen ɓera a cikin indararo. Ruwan farko wankin kwano ne. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ba ta fitar da randa sai an yi ruwa na uku, kuma ko a tsakiyar damina sai ta miƙa tafin hannu ta ga ya washe kafin ta tura mazubi. Abin da injiniyoyi ke koyarwa yau ke nan. A bar ruwa biyu ko uku na farkon damina su tafi shuka da wanke tsakar gida. Bayan haka, duk ruwan da aka yi bayan kwanaki ba a yi ba, a zubar da na farkonsa, aƙalla lita ɗaya a kowane murabba'in mita. Rufi mai murabba'in mita 100 jarka huɗu ke nan. Fulamba na iya sa miki bututu a tsaye mai murfi a ƙasa, shi zai fara cika da dattin kafin ruwa ya wuce tanki, in an ɗauke ki buɗe ya zube.

Jariri kuwa, in bai kai wata shida ba, ba ya buƙatar ruwa kowane iri, nono ya ishe shi ko da zafin bazara. Bayan haka a ba shi tafasasshe. Ku manya ma, na sha a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa maganin kulorin irin WaterGuard yadda aka rubuta a jikin kwalbar, a jira minti 30. Alif, wanda wasu ke ce wa alam, laka kawai yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayar cuta. A 2021 amai da gudawa ya kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, ya kashe sama da 3,000, mafi yawa a Arewa, kuma da damina. Sau da yawa ba daga sama cutar take zuwa ba, daga moɗar da kowa ke tsomawa da hannunsa ne. Ki sa wa mazubin famfo, ko ki ware moɗa mai dogon hannu a rataye ta.

'Yan ƙwarin da kika gani 'ya'yan sauro ne. Daga ƙwai zuwa sauro mai cizo kwana bakwai zuwa goma ne. Sauron da ke kawo ciwon shawara a irin wannan mazubi yake haihuwa, kuma a 2020 an gano a Jihar Gombe wani baƙon sauron zazzaɓin cizon sauro, ɗan asalin Asiya, wanda shi ma tankunan cikin gari yake so. Ki juye durom ɗin a kan busasshiyar ƙasa, ki goge cikinsa da buroshi domin ƙwan a jikin bango yake manne, ki ɗaure bakin da raga ko tsumma mai tsabta, ki rufe. Durom mai rabin ruwa ma yana cin yaro in ya leƙa ya kifa, don haka murfin ya zama mai nauyi.

Ki kuma tambayi mijinki me durom ɗin ya taɓa ɗauka. In maganin feshi ne, ko fenti, ko man inji, ko ba a sani ba, wanki ba ya fitar da shi, kada a sha. Ya hau ya sauke tsofaffin tayoyi da batiran da ake danne kwano da su, batir akwai gubar dalma a cikinsa. Ruwan rufin soro da na ciyawa a bar shi a wanki. In kuma ruwan tanki ya fara wari, ruwa ba ya tsami banza, wani abu ya mutu a ciki, a juye a wanke.

Tambaya: Malam, ruwan tankin masallacinmu yakan ɗan yi ja saboda tsatsar kwano. Alwala ta yi da shi? — Ladan, Tudun Wada

Amsa: Malam, asalin ruwan sama mai tsarki ne mai tsarkakewa, aya ta 48 a Suratul Furƙan ta faɗa. Abin da malamanmu ke dubawa shi ne ko launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa ya canja, da kuma abin da ya canja shi. Wannan hukunci na limaminku ne, ka ɗebo a kofin gilashi ka kai masa ya gani da idonsa. Nawa fannin shi ne in ce maka ruwa na iya halatta a yi alwala da shi alhali bai dace a sha ba, kuma almajirai suna sha daga tankin masallaci. Ku zubar da na farko, ku sa raga, ku wanke tankin kafin damina. Jan zai ragu sosai.

Tambaya: Baba, tankina na ƙasa yana rage ruwa har bayan rani. Zan iya sayarwa? Wani ya ce haramun ne sayar da ruwan sama. Ina ma tunanin sayen injin ƙulla leda. — Ɗan kasuwa, Dogarawa

Amsa: Alhaji, hadisin da mutumin yake nufi shi ne wanda ya ce mutane sun yi tarayya a abu uku, ruwa da ciyawa da wuta. Malamai sun fassara shi da ruwan da ba wanda ya mallaka, kamar kogi da tafki. Wanda ka kashe kuɗi ka tara a mazubinka ya zama naka, kana iya sayarwa, sai dai ba a hana mai ƙishirwar da ya rasa abin biya.

Amma da ka fara sayarwa ka fita daga amfanin gida, kuma a nan hukuma take shigowa da gaske. Ƙulla ruwa a leda ko kwalba ba ya halatta sai da rajistar NAFDAC, su zo su duba wurin, su gwada ruwan, su ba ka lamba. Wanda ya buga lambar ƙarya ko ya ƙulla ba lamba, rufe wuri da kotu ne, kuma na goyi bayan haka ɗari bisa ɗari, domin ledar nan yara 'yan makaranta ne ke sha. Tankin gida ɗaya ma ba zai riƙe injin leda ba, cikin 'yan kwanaki zai ƙafe, don haka kada ka sayi injin. In jarka za ka riƙa sayar wa 'yan ga-ruwa, ka je sashen lafiya na ƙaramar hukumar Sabon Gari ka sanar da su, ka kai ruwan ɗakin gwaji a duba shi farkon rani da tsakiyarsa, ka riƙa sa kulorin. Ka kuma leƙa cikin jarkokin da ake kawowa. Wadda ka ga gansakuka a cikinta, ka ajiye omo da 'yar tsakuwa a bakin tankin, mai ita ya girgije ta tukuna ka zuba masa.